Yadda Ake Auna Alhakin Mutum Kan Ɓarnar Muhalli da Zaluncin Jama'a a Ɗa'ar Wicca

Wicca, wanda ake furtawa Wika, addini ne ƙarami da ya bayyana a Ingila a tsakiyar ƙarni na ashirin. Wanda ya fito da shi fili a 1954 shi ne Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin kwastan na gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, kuma ya yi haka ne shekara uku bayan majalisar dokokin Birtaniya ta soke dokar 1735 wadda ta haramta wa mutum ya yi iƙirarin yana da ikon sihiri. A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 13,000 ne suka rubuta Wicca a matsayin addininsu, wasu kimanin 74,000 kuma suka kira kansu Pagan, wato masu bin tafarkin da ke girmama ƙasa da allolin Turai na kafin zuwan Kiristanci. A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da shi a matsayin addini a 1986, a ƙarar da wani fursuna ya shigar a jihar Virginia.

Mabiyansa ba su da shugaba guda, ba su da littafi guda da kowa ya yarda da shi, ba su kuma da majalisar malamai da za ta yanke hukunci idan an saɓa. Nauyin rarrabe daidai da kuskure yana kan wuyan mai bi shi kaɗai, kuma wannan ne ya sa hanyarsu ta cancanci nazari. Wannan jagora an shirya ta ne domin ɗalibin nazarin addinai, da ɗan jarida, da wanda zama a Turai ko Amurka ya haɗa shi da waɗannan mutane, idan yana so ya bi sawun yadda suke tashi daga jimla guda su isa ga hukunci a kan kyandir ɗin da za su saya ko zanga-zangar da za su shiga.

Ka gyara kalmomi kafin komai

Da yawa daga cikinsu suna kiran kansu da wata kalmar Ingilishi da aka saba fassarawa da maye ko mayya. Idan ka riƙe wannan fassara, duk abin da zai biyo baya zai karkace. Maye a wurinmu shi ne wanda ake zargi da kama kurwar mutum, kuma babu mai hankalin da zai kira kansa haka. Su kuwa abin da suke nufi shi ne mai bautar wani allah namiji mai ƙaho da wata allahiya mace da suke dangantawa da wata, mai kallon ƙasa da ruwa da itatuwa a matsayin abubuwa masu tsarki, mai kuma yin wasu ayyukan ibada da nufin karkatar da al'amura zuwa ga abin da yake buri. Shaiɗan ba ya cikin aƙidarsu ko kaɗan.

Haka kuma kada ka ɗauki zancen daɗewar addinin yadda aka fara faɗarsa. Gardner ya ce an shigar da shi wani rukunin asiri a yankin New Forest a 1939, rukunin da ya gaji addinin da ya tsira daga farautar mayu ta Turai. Masanin tarihi Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya nuna a 1999 cewa addinin haɗi ne na zamani, an ɗauko sassansa daga ƙungiyoyin asiri na Turawa, da littattafan sihiri, da al'adun ƙauye, da waƙoƙin marubutan ƙarni na sha tara. Amfanin sanin wannan shi ne, kishin muhalli ba da shi aka haifi Wicca ba. Mutanen farko sun fi maganar yalwar amfanin gona da haihuwa, Gardner kansa kuma mai ra'ayin 'yan mazan jiya ne a siyasa. Kishin muhallin da addinin yake da shi yanzu ya samo shi ne galibi a Amurka, bayan an fara bikin Ranar Duniya, wato ranar wayar da kai kan kare muhalli, a 1970.

Karanta jimlar da sharaɗinta

Tushen ɗa'arsu jimla ce da suke kira Rede, ana furtawa Rid, tsohuwar kalma mai nufin shawara. Ma'anarta ita ce: matuƙar ba zai cutar da kowa ba, aikata abin da kake so. Doreen Valiente, wadda Gardner ya shigar da ita addinin a 1953 kuma ta sake rubuta yawancin addu'o'insa, ita ce ta furta ta a bainar jama'a cikin wani jawabi a 1964. A 1975 wata mujallar Amurka mai suna Green Egg ta buga wata doguwar waƙa da ta ƙare da wannan jimla, daga nan ta bazu.

Matakin farko shi ne ka lura cewa jimlar izini take bayarwa a kan sharaɗi. Ta ce aikin da ba ya cutarwa halas ne gare ka, babu mai ikon hana ka saboda al'ada ko ra'ayinsa. Ba ta faɗi abin da za ka yi ba idan duk hanyoyin da ke gabanka suna ɗauke da wata cuta, alhali kuwa a nan ne kusan duk matsalolin muhalli suke. Wanda ya karanta ta a matsayin haramcin duk wata cutarwa zai tarar ba zai iya ko cin abinci ba, tunda noma kansa yana kashe ƙwari da ɓeraye. Wanda kuma ya riƙe rabinta na ƙarshe kawai ya samu lasisin son zuciya. Fahimtar da ta fi yawa a tsakanin masu zurfin tunani daga cikinsu ita ce, idan cuta ta zama ba makawa, to ka zaɓi mafi ƙaranci, ka san abin da ka zaɓa, kuma ka amsa sunanka idan sakamako ya zo.

Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin nan na babu cuta babu cutarwa. Kamannin lafazi yana nan, amma kada ya wuce da shi inda bai kai ba. A fiƙihu wannan ƙa'ida tana zaune ne cikin shari'ar da ta riga ta fayyace halal da haram, tana da malaman da ke bayyana iyakarta da alƙalan da ke zartar da ita. A Wicca jimlar kusan ita kaɗai ce a fili, kuma mai bi shi ne malamin kansa, shi ne alƙalin kansa.

Sai ka tambayi wanda kake nazarin ra'ayinsa abin da yake nufi da "kowa". Amsarsa ita ce za ta nuna maka inda ya dosa. Kusan dukkansu suna shigar da mai aikin kansa a ciki, saboda haka cutar da jikinka ma cuta ce. Da yawa suna shigar da dabbobi, shi ya sa ake samun masu ƙin cin nama a cikinsu, ko da yake addinin bai hana ba. Waɗanda suka fi faɗaɗa kalmar suna shigar da kogi da daji da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, kuma da zarar an kai nan, jimlar da ta fara a matsayin shawarar zaman mutum da maƙwabcinsa ta koma magana a kan man fetur da ma'adinai.

Ka ware dokar ninki uku gefe guda

Za ka ji ana cewa duk abin da mutum ya aikata, alheri ko sharri, zai komo masa ninki uku. Raymond Buckland, wanda ya kai tafarkin Gardner jihar New York a farkon shekarun 1960, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan magana, amma ba kowa ya karɓe ta ba, Valiente kanta ta nuna shakku a kanta. A ganina, wajen auna alhakin muhalli wannan doka ta fi ɓatarwa a kan shiryarwa, kuma dalilin a fili yake. Hayaƙin da ke ɗumama duniya ba ya komawa kan wanda ya fitar da shi. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar carbon ta duniya, amma manomin Sahel yana cikin waɗanda sauyin damina ya fi gallaba. Pakistan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33 a can, ta kashe sama da 1,700.

Akwai wani lahani da ya fi wannan muni. Idan aka yarda cewa duk abin da ya sami mutum girbin abin da ya shuka ne, to an buɗe ƙofar ɗora wa wanda aka zalunta laifin halin da yake ciki. Masu hankali daga cikin mabiya suna guje wa wannan ta hanyar ɗaukar dokar a matsayin tunatarwa cewa aiki yana canza mai yinsa, kuma kowa yana shan ruwan rijiyar da ya zuba wa shara. Idan ka tarar da wanda ya ɗauke ta a matsayin lissafin ribar kansa, ka san cewa kyautatawarsa jari ce yake zubawa.

Fara bin sawu daga teburin ibada

Hanya mafi sauƙi ta gwada gaskiyar mai iƙirarin girmama ƙasa ita ce duba kayan da yake ibada da su, domin a nan babu wanda ya tilasta masa sayen komai. Mabiya da suka ɗauki abin da gaske sukan ɗauki kowane kaya su tambayi inda ya fito, da wanda ya sha wahalarsa, da inda zai ƙare.

A ɗauki kyandir. Wanda ya fi araha ana yinsa da kakin da ake samu wajen tace ɗanyen mai. Mai gudun wannan sai ya koma na waken soya, ya tarar noman soya yana cikin abubuwan da ke cinye dazuzzukan Brazil. Idan ya koma na manja, gonakin kwakwar manja ne suka share dazuzzuka masu yawa a Indonesiya da Malesiya. Kakin zuma ya fi sauran tsabta idan an san mai kiwon, amma masu ƙin amfani da duk abin da ya fito daga dabba ba sa taɓa shi. Babu zaɓi ko ɗaya da ya fita fes, kuma wannan darasi ne da ya kamata a riƙe: abin da ake nema shi ne rage cuta da sanin yakamata, sau da yawa kuma amsar ita ce a rage yawan abin da ake ƙonawa.

Na biyu shi ne wani ganye mai ƙamshi da ake kira farin sage, wanda ake ɗaurewa a ƙona domin tsarkake ɗaki. Ba ya tsirowa da kansa sai a kudancin Kalifoniya da arewacin yankin Baja na Mekziko, kuma ƙabilun asali irin su Chumash da Tongva da Kumeyaay suna amfani da shi a ibadunsu tun kafin Turawa su taka ƙasar. Da kasuwarsa ta buɗe a shaguna da intanet, sai masu sata suka shiga daji suna yankarsa buhu-buhu. A 2018 an kama mutum huɗu da wajen kilo 180 na ganyen a wani gandun da aka keɓe mai suna North Etiwanda. Cutar a nan hawa biyu ce. Akwai ta tsiron da ƙudajen zuman da ke rayuwa a kansa, akwai kuma ta mutanen da gwamnatin Amurka ta daɗe tana danne ibadunsu, har sai da aka yi dokar kare 'yancin addininsu a 1978, yanzu kuma suna kallon baƙi suna ciniki da abin da kakanninsu suka sha wuya a kansa. Mafitar da ake ba da shawara ba ta da wahala: mutum ya shuka nasa a lambu, ko ya koma ga ganyayen ƙamshi na ƙasar da yake zaune, waɗanda dama su ne kakannin Turawa suka sani.

Duwatsu masu ƙyalli da ake ajiyewa domin neman natsuwa ko waraka sun fi kowane kaya wahalar bin sawu. Wani binciken jaridar Guardian a 2019 ya bi wani dutse mai ruwan hoda da ake kira rose quartz har ƙauyukan Madagaska, inda ya tarar ana haƙo shi da hannu a ramukan da ke ruftawa, da yara a cikin masu aikin, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashinsa a Landan ko New York. Lu'ulu'u yana da tsarin tantance asali na Kimberley tun 2003, duk da raunin tsarin, amma waɗannan duwatsu ba su da ko irin wannan. Abin yi shi ne a tambayi mai shago sunan mahaƙar, idan ya kasa faɗa a haƙura, ko a sayi wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, ko a tsinci dutse a bakin kogin garinsu, wanda a aƙidarsu tsarkinsa bai gaza na Madagaska ba.

Lubban kuwa shi ne misalin da ke hana mutum gaggawar yanke hukunci. Ana samunsa daga ƙaron wasu itatuwa 'yan uwan hanon da muka sani a dajinmu. Wani binciken da masana na jami'ar Wageningen ta Holan suka jagoranta, aka buga a 2019, ya nuna cewa nau'in da ke Habasha da Iritiriya da Sudan yana fuskantar rushewa saboda yawan tsaga bawo, da gobarar daji, da kiwon da ke cinye ƙananan tsirrai, har suka yi hasashen yawan ƙaron zai ragu da rabi cikin shekara 20. Mai saurin fushi zai ce a daina saye gaba ɗaya. To amma iyalai matalauta ne ke rayuwa da tsintar ƙaron, kuma itacen da ba ya kawo kuɗi shi ake fara sarewa a yi gona ko gawayi. A nan jimlar "kada ka cutar da kowa" tana jan mutum ta ɓangare biyu, sai dai ya nemi mai sayarwar da ke hutar da itatuwa yana kuma biyan masu tsinta yadda ya kamata, ya yarda ya biya da tsada.

Wuraren da suke ziyarta ma suna cikin wannan lissafi. A tsofaffin da'irorin duwatsu na Ingila da kaburburan da suka haura shekara dubu biyar, irin na West Kennet kusa da Avebury, masu kula da wuraren sun daɗe suna kokawa da baƙin hayaƙin kyandir da narkakken kaki a jikin duwatsu. A Sikotilan da Ireland akwai al'adar ɗaura tsumma a itacen da ke kusa da rijiya mai tsarki, da nufin ciwo ya tafi yayin da tsumman ke ruɓewa, amma tsumman roba na zamani ba ya ruɓewa, sai dai ya shaƙe reshe. Ƙa'idar da masu lura suka tsayar ita ce, sadakar da ta fi dacewa da irin wannan wuri ita ce ka tafi da jakar shara ka dawo da ita cike.

Ka tambayi hukuncin wanda ya naɗe hannu

Nan ne raunin jimlar ya fi fitowa. Tana magana a kan abin da ka aikata, ta yi shiru a kan abin da ka bari ya faru. Mutum zai iya zama a ɗakinsa bai taɓa kowa ba alhali ana zuba guba a kogin garinsu, kuma a zahirin lafazi bai saɓa komai ba. Don haka idan kana nazarin wani rukuni, ka duba da me suka cike wannan giɓi.

Wasu sun cike shi da rubutacciyar sanarwa. A 1974 wata majalisa da ta taru a Minneapolis ta fitar da ƙa'idoji 13, ta biyu a cikinsu tana cewa hankalin da ɗan Adam yake da shi ya ɗora masa nauyi na musamman game da muhallinsa. Majalisar ba ta daɗe ba ta watse, amma ƙa'idojin sun wanzu. A Ranar Duniya ta 2015 kuma aka fitar da wata sanarwar haɗin gwiwa ta mabiya tafarkin Pagan a kan muhalli, dubban mutane suka sa mata hannu. Wasu sun koma ga halaye takwas da ke cikin wata addu'ar da Valiente ta tsara, waɗanda aka jera bibbiyu: kyau da ƙarfi, iko da tausayi, mutunci da tawali'u, raha da girmamawa. Hujjarsu ita ce, mai tausayi da mutunci ba zai iya kallon zalunci ya wuce ba, ko da babu dokar da ta tilasta masa tsayawa.

Waɗanda suka fi nisa su ne suka mayar da fafutuka ibada. Starhawk, marubuciya Ba'amurkiya da aka haifa a 1951, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Reclaiming a San Faransisko wajajen 1980, ko da yake da yawa daga 'yan ƙungiyar ba sa kiran kansu da sunan Wicca kai tsaye. 'Yan ƙungiyar sun shiga zanga-zangar toshe hanyar tashar nukiliya ta Diablo Canyon da ke Kalifoniya a 1981, inda aka kama mutum wajen 1,900 cikin mako biyu. A Birtaniya, ƙungiyar Dragon da aka kafa a Landan a 1990 ta haɗa ayyukan ibada da gwagwarmayar kare daji, kuma mabiya tafarkin Pagan suna cikin waɗanda suka kafa sansani a Twyford Down a 1992 da Newbury a 1996 domin hana titin mota ratsa tuddai da dazuzzuka. An gina titunan biyu duk da haka, sai dai gwamnati ta soke da yawa daga sauran titunan da ta tsara. A Stanton Moor na Derbyshire, kusa da da'irar duwatsun Nine Ladies, masu zaman dirshan sun shafe kusan shekara goma daga 1999 har aka janye izinin fasa dutse a wurin.

Labarin Diablo Canyon yana da wutsiyar da bai kamata a tsallake ba. An buɗe tashar a 1985, ta zama mai samar da wajen kashi 9 cikin 100 na wutar lantarkin Kalifoniya ba tare da hayaƙin carbon ba, har a 2022 majalisar jihar ta tsawaita wa'adinta saboda tsoron ƙarancin wuta da komawa ga iskar gas. Masu zanga-zangar 1981 suna da hujjarsu, domin tashar tana kusa da layukan girgizar ƙasa. Abin lura kawai shi ne, hukuncin da aka yanke da kyakkyawar niyya yana bukatar a sake duba shi idan ilimi ya ƙaru.

Auna rabonka, kada ka ɗauki na kowa

Addinin da ya ɗora komai a kan mutum ɗaya yana da haɗarin karya shi da nauyin da ba nasa ba. Ya kamata a san cewa kamfanin mai na BP ne ya yaɗa maganar lissafin hayaƙin da kowane mutum ke fitarwa a tallace-tallacensa na tsakiyar shekarun 2000, kuma wani rahoto na 2017 ya danganta kashi 71 cikin 100 na hayaƙin masana'antu tun 1988 da kamfanoni 100 masu haƙar mai da gas da kwal. Wannan bai wanke mai saye ba, tunda shi ke ƙona man, amma ya nuna cewa wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen wanke kwalabe ya manta da dokoki da zaɓe ya bar babbar ɓarna yana gyaran ƙarama.

Hanyar da ta fi amfani ita ce mutum ya jera alhakinsa daga na kusa zuwa na nesa. Abin da hannunsa ya aikata kai tsaye, kamar sharar da ya zubar ko ganyen da ya tsinka, nasa ne ɗungurungum. Abin da kuɗinsa ya saya, yana da rabo a ciki gwargwadon abin da ya sani da kuma zaɓin da yake da shi, domin mai abin hannu da zai iya sayen mai tsada ba daidai yake da wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba. Abin da yake amfana da shi ba tare da ya nema ba, kamar zama a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalinta, bai zama laifinsa ba amma ya zama bashin da ya gada. A nan rabe-raben Starhawk na shekarun 1980 yana taimakawa. Ta bambanta iko a kan wasu, wanda shi ne na danniya, da ikon da ke fitowa daga cikin mutum, da kuma ikon da ake samu tare da wasu. Matsalar da tsari ya haifar ba ta warwaruwa sai da na ukun, wato ƙungiyar unguwa, da ƙungiyar ƙwadago, da zuwa zaman majalisar gari, da kaɗa ƙuri'a.

Inda sihiri ya tsaya

Dole ne mai nazari ya fuskanci wannan tambaya, ko da bai yarda sihirin yana aiki ba. Koyarwar da aka saba ji a cikinsu ita ce, aikin ibada ba ya tsayawa a madadin aikin hannu: wanda ya yi addu'ar samun aiki sai ya fita ya kai takardunsa, wanda ya yi ta warkar da kogi sai ya shiga aikin kwashe sharar kogin. Yawancinsu kuma ba sa yarda a yi wa mutum aiki ba da izininsa ba, ko da na waraka ne, balle na jawo soyayya, saboda tauye zaɓin wani cuta ce.

Saɓani yana tasowa ne idan aka zo kan azzalumi. Gardner ya ba da labarin cewa rukuninsu ya yi wani aiki a 1940 domin hana Hitler tsallako teku zuwa Ingila, kuma masu goyon bayan ɗaure hannun mai ɓarna da sihiri suna kafa hujja da wannan. A Fabrairun 2017 wasu a Amurka sun shirya aikin haɗin gwiwa na ɗaure hannun Donald Trump, wasu mabiya suka yi tir da shi a kan ya saɓa wa Rede, wasu suka ce barin mai iko ya yi ɓarna shi ne cutar da ta fi girma. Babu hukumar da za ta raba wannan gardama, saboda haka idan kana rubutu a kansu kada ka ce ga matsayin Wicca, ka ce ga matsayin wannan rukuni.

Sanya wa binciken lokaci

Shekararsu tana da bukukuwa takwas, huɗu a ranakun da rana ke juyawa ko dare da yini ke daidaita, huɗu kuma a tsakaninsu, sannan suna taruwa idan wata ya cika. Masu ɗaukar alhaki da muhimmanci suna mayar da waɗannan ranaku lokacin bitar kai. Kalandar ta ginu ne a kan yanayin Birtaniya, shi ya sa mabiya a Ostareliya suke juya ta, kuma mai bi a Kalifoniya, inda ruwa ke sauka a lokacin sanyi ciyawa ta bushe a bazara, ana ba shi shawarar ya fara sanin ƙasar da yake tsaye a kanta: daga wane kogi ruwan famfonsa yake zuwa, ina motar shara take kai kayanta, wace ƙabila ce ta zauna a wurin kafin shi.

Kusan kowane mai bi yana da littafin da yake rubuta addu'o'insa da hannu, wanda suke kira littafin inuwa, kuma a ciki yana iya rubuta alkawari ɗaya ko biyu da za a iya aunawa, kamar rage tafiya a jirgin sama daga sau huɗu zuwa sau ɗaya, ko ba da awa uku a wata ga ƙungiyar kula da kogi. A bikin Beltane na 1 ga Mayu, lokacin da komai ke tsirowa, ana iya ɗaukar sabon alkawari. A Samhain, daren 31 ga Oktoba, wanda da yawa suke ɗauka ƙarshen shekara kuma suke tunawa da matattunsu, sai a buɗe littafin a karanta abin da aka rubuta wata shida da suka wuce, a gaban 'yan rukuni idan mutum yana da su, a sa alama a kan wanda aka cika, a rubuta dalili a gefen wanda aka kasa.